Faifai Mai Lemo da Zaren Inna

Deptford, London
Lahadi, 6 ga Satumba, 1987

Ya Maharazu, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina da ya zaɓi ranar da na baza shanya ya sauko. Ya zumar da ban taɓa lasa ba sai da ƙudanta ya harbe ni. Ya Baristan gobe, wanda ya haddace dokokin ƙasa biyu amma bai san a yi tambaya kafin a taɓa kayan mutane ba. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta kwana takwas ba ta amsa wayarka ba, kuma ba ta yi nadamar kwana ko ɗaya ba.

Takardarka ta iso ranar Alhamis. Shafi huɗu cur, da Turancin nan naku na makarantar lauyoyi ta Aldwych mai wuyan riga, har da sakin layi mai lamba kamar kana gaban alƙali. Shafi ɗaya da rabi ka ba ni haƙuri, na gode. Sauran biyu da rabin kuwa ka ƙarar da su wajen nuna mini cewa, duk da abin da ya faru, faifai Mai Lemo shi ne dai ya fi duk wani faifai da makaɗan nan Dogayen Gashi suka taɓa yi. Mutum ya ƙona maka rumbu, sannan ya tsaya yana yaba maka kyan ashanarsa! A ƙasa ka ƙara da ɗan rubutun hannu wai ka yi mana booking ɗin tikiti biyu, mu je mu gan su a Wembley. Ka riƙe tikitinka, rabin raina. Tunda shari'a kake so, nemi wuri ka zauna. Yau za a yanke ta, kuma ni ce alƙali.

Ka tuna inda muka fara? Wata Asabar ce, shekara biyu da suka wuce, a kasuwar Deptford, gaban teburin tsohon nan mai sayar da tsofaffin faya-fayai kusa da gadar jirgi. Ina riƙe da jakar doya da attarugu a hannu ɗaya, ɗayan kuma na miƙa shi cikin kwali, sai na ji wani ya riƙe faifan da na riƙe. Ka fara ba ni haƙuri da Turanci, sannan idonka ya sauka kan lallen yatsuna, ka ce, "Sannu, 'yar'uwa." Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban ji sannu ta ratsa ni kamar wannan ba. Iska tana yanka kunne, amma na ji kamar an buɗe mini ƙofar ɗakin da aka hura gawayi. Sai ka sakar mini faifan, ka yi murmushin nan naka mai kashe gaɓa, ka ce in ɗauka, ai tsohon yayi ne, kai dama dubawa kawai kake yi. Faifai Mai Rijiya ka kira tsohon yayi. Tun a ranar ya kamata in ɗauki doyata in kama gabana. Ban kama ba, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ni ba a gado na sami son Turawan nan huɗu ba. Jane, abokiyar aikina a ɗakin masu haihuwa, ita ta ara mini kaset ɗinsu a shekarata ta farko, lokacin da ban san kowa ba sai yayata Hansai da mijinta, waɗanda nake zaune a flat ɗinsu. Yaya ce ta kasa riƙe sunansu na Turanci ta raɗa musu Dogayen Gashi, mu kuma muka bi ta, har faya-fayan ma muka koma kiransu da hoton da ke bangonsu. Guda tara suka yi, kuma mun tsefe su ɗaya bayan ɗaya, ni da kai, a saman bas da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da gefen kogi. Biyun farko mun yarda yara ne ke koyon tafiya. Mai Keke mun yarda rabinsa zinariya ne rabinsa ƙaiƙayi. Na filin wasa mai faifai biyu mun yarda tafi ya fi kiɗa yawa a ciki. Haka muka yi ta zubar da su har saura biyu, nawa da naka, kuma a nan aka tsaya shekara biyu ba wanda ya gusa.

Bari in sake gaya maka, ko yau kunnenka zai buɗe. Mai Rijiya, na saba'in da huɗu, mai hoton rijiya ita kaɗai a tsakiyar filin ƙanƙara, waƙa guda ce ta cinye gefensa na farko. Jita ɗaya ke buɗe ta, a hankali, kamar mace na jan guga ba ta son ruwan ya zube. Ganga ba ta shigowa sai an yi minti biyar. Mawaƙin ba ya buɗe baki sai ka manta akwai shi. Haka makaɗan garinmu suke yi, ba sa ambaton wanda suka zo dominsa sai kowa ya sami wuri ya zauna, hankali ya taru wuri ɗaya. Mutanen da suka yi wannan faifan ba sa tsoron a gaji da su. Minti hamsin da ɗaya ne, kuma babu minti ɗaya da zan yarda a cire.

Naka fa? Na tamanin da biyar, da suka aske gashin da aka san su da shi, suka saka kwat mai kafaɗa kamar an manta katakon rataya a ciki. Lemo guda a kan farin tayil, shi ne wai hoton bango, kamar an ɗauko shi daga kicin ɗin asibitinmu. Waƙa takwas, kowace an yanke ta daidai bakin rediyo. Makaɗin da hannunsa ke magana an ajiye shi gefe, an kawo inji yana buga abu ɗaya, tas, tas, tas, kamar famfon da ya lalace. Kullum hujjarka ɗaya ce, wai shi ya fi ciniki, shi ya cika musu filayen wasa, shi ya sa direban tasi ma ya san su. To chips ma ya fi tuwo ciniki a Old Kent Road, sai ka je ka auri mai suyarsa. Ka ce a nan suka girma, suka koyi faɗin abu a taƙaice. Ni na ce a nan suka koyi tsoron mai saye. Amma duk wannan wasa ne, sanyin idona. Musun da muke sha'awa ne, shi ke sa ka raka ni har tashar da ba taka ba. Ban taɓa zaton zai shigo gidanmu ya ci abin da ba ya dawowa ba.

Kai ɗan babban ma'aikaci ne a Kaduna. Wasiƙar mahaifinka da tafireta ake buga ta, ta zo cikin shuɗin ambulan da kan sarki, ka karanta ka ajiye a fayil. Ni uwata tana Ƙaraye, ba ta rubutun boko, kuma babu waya a unguwarmu. Tun da na zo, kaset guda ne tsakanina da ita. Takan ari rakodar ƙawarta Awabu, ta shiga ɗaki ta saki labule, ta cika gefe ɗaya da magana. Hajiya Abibatu mai fataucin atamfa ta zo da shi cikin jakarta. Ni kuma in saurara, in juya, in cika ɗaya gefen, Hajiya ta mayar. Sau uku a shekara, in an yi sa'a. Ba a rubuta komai a jikinsa, don ba mai buƙatar a gaya masa na wane ne. Ba a karya masa kunnuwan nan biyu da in an karya su ba a iya ɗaukar magana a kai, don gobe za a sake ɗauka. Duk wani ɗan ƙauye da ke London ya san kaset marar rubutu a gidan Bahaushe ba fanko ba ne, bakin wani ne a ciki. Kai kaɗai, da digirinka biyu, ba ka sani ba.

Akwai kuma abin da na taɓa gaya maka ka yi dariya, ka ce al'adun mata. Inna tana ɗinkin hula, kuma duk Ƙaraye an san allurarta, amma ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ta ɗinka wa Baba har ya rasu. Ta ɗinka wa yayyena maza biyu. Bayan su, namiji ɗaya ne ya taɓa sa hular hannunta, Dakta Zailani mijin Yaya Hansai, shi ma sai da ta yi wata biyar tana bincikar asalinsa. Baffanninmu su ke ɗaura aure, amma kowa a gidan ya san ba sa motsi sai sun ga Inna ta zare allura.

A watan Afrilu na yi abin da ban taɓa yi ba. Na zauna gaban rakoda, na yi mata labarin sanyi da aiki da haƙoran ɗan Yaya, na kewaya, na sake kewayawa, sai da kaset ya kusa ƙarewa sannan na ce akwai wani. Sau uku ina gogewa ina sakewa. Na faɗi sunanka da na mahaifinka da abin da kake karantawa. Na ce kana da kirki, kana salla a kan lokaci, kuma, Allah ya yafe mini, na ce kana da natsuwa. Wata huɗu na jira. Ranar Laraba, ashirin da shida ga watan jiya, Hajiya Abibatu ta sauka, ta miƙo mini kaset a ƙulle cikin ƙyalle, tana dubana ta wutsiyar ido. Ta ce, "Tsohuwa ta daɗe a ɗaki wannan karon, har sai da aka yi changing ɗin batir."

Na kawo shi gida na saka a rakodar falo, wadda take haɗe da na'urar faifai. Na ɗora yatsa a kan maɓalli, na kasa dannawa. Ni da nake karɓar haihuwa, sai ga ɗan ƙarfe ya gagare ni. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, yana ciki, ina wucewa ta gabansa kamar mai wuce ƙofar surukai. In ta ce a'a fa? Na san ba zan tsallake maganarta ba, na kuma san ba zan iya ganinka a titi in kau da kai ba. Sai na ce bari ka zo ranar Asabar, ka ci abinci, in ga fuskarka sau ɗaya ba tare da na san komai ba, in ka tafi sai in ji. Laifina ke nan, kuma na ɗauke shi. Tsoro ya sa na bar uwata kwana uku a cikin inji.

Ka zo bayan azahar, ka sha wanka, Mai Lemo a hammata kamar takardar shaidar haihuwarka. Dakta yana aiki, ni da Yaya muna kicin muna fama da miyar taushe da kabewar da ba ta san sunan taushe ba. Sai na ji injin nan ya fara, tas, tas, tas. Na yi dariya. Har na leƙo na ce maka ka rage, kada miya ta tsinke. Ka ɗago kana murmushi, ka tsaya a gaban rakodar ka tare ta da bayanka kamar mai ɓoye kyauta, ban ga jar fitilar ɗaukar sauti da ke ci a bayanka ba. Minti arba'in da ɗaya, Maharazu. Ina jin sa da kunnena, ina juya miya, ina bin amshin da ba'a, Yaya tana dariya, ashe uwata ake binnewa a ɗaki na gaba, waƙa bayan waƙa. Da muka fito da kwanuka ka zaro kaset ɗin ka miƙo mini da hannu biyu, ka ce ka yi mini dubbing ne don in riƙa ji a bas in zan tafi aiki, wai in na ji shi sau bakwai a jere zan tuba. Ka ce ka ga blank ne a ciki. Garin neman gira ka rasa mana ido.

Ban tuna abin da na yi ba. Yaya ta ce na ajiye kwano a hankali na shiga ɗaki, kuma wannan ya fi ihu ba ta tsoro. Ta ce ka tsaya a tsakiyar falo kana tambayar me ya faru, da ta gaya maka sai ka zauna a ƙasa, ba a kujera ba, ka riƙe kai. Na ji daɗin jin wannan, ba zan ɓoye ba. Ina fata ƙasan ta yi sanyi.

Kwana bakwai kaset ɗin yana ƙarƙashin kayana ban taɓa shi ba. Na ƙi ka, na ƙi lemo, har na kasuwa in na gani sai in juya fuska. Abin haushin shi ne duk da haka in waya ta yi ƙara sai zuciyata ta riga Yaya zuwa wurinta. Wace irin cuta ce wannan? Na yi aiki da likitoci iri-iri, ba wanda zai iya gaya mini yadda mutum ɗaya zai zama ciwon kuma ya zama maganin. Ina tsaye a tashar bas ina tsara zagin da zan yi maka, sai in kama kaina ina duba ko kai ne mai saukowa. Na ga kogin nan namu da muke zama gefensa, ruwansa ya janye ya bar laka, na ce ka ga ɗan'uwana.

Jiya da hantsi su Yaya suka tafi Old Kent Road sayen kaya, gida ya zama nawa. Na ɗauko shi na mayar farko. Da zan iya tura shi gaba, amma na ji tsoron kada in tsallake wani ɗan gurbi da muryarta ta leƙo tsakanin waƙa da waƙa. Don haka na zauna a kan dadduma na sha faifanka tun daga kai har wutsiya, abin da shekara biyu ka kasa sa ni in yi. Ka ci nasara, Barista. Kuma tunda na ji shi da kunnen da ba ya barin ko numfashi ya wuce, yanzu na fi ka saninsa. Waƙar farko ihu ce da takalmi mai tsini. Ta biyu ita ce ta farkon an juya mata riga. Ta uku, wadda kake rufe ido in ana yi, mutum ne da ya kusa hamsin yana kuka a kan yarinyar da bai damu ya ba ta suna ba. A ta biyar mai jita ya tuna shi wane ne na daƙiƙa ashirin, sai injin ya taka shi. Tsakanin kowace waƙa ina kasa kunne, babu komai sai shiru mai tsabta, ka goge ta kamar yadda ake goge tebur. Na ji inda ka tsayar ka juya faifai, har da ɗan ƙaran allura. Hannunka bai yi kuskure ko ɗaya ba, ka iya aikinka.

Waƙa ta takwas ta dusashe. Allura ta ɗaga. Aka yi wani ƙas, inda ka kashe. Sai na ji zakara. Ba zakaran London ba, don babu shi. Sai sautin taɓarya daga gidan maƙwabta, sai tarin da na sani tun ina goye. Sai Inna, a tsakiyar magana:

"...to in dai ya yarda da wannan, ni ba ni da ta cewa. In bai yarda ba, kada ki ɓoye min, Auta, ki rabu da shi tun ana ganin mutuncin juna. In kuwa ya yarda, ki nemi zare a auno min kansa, a ƙulle daidai wurin, ki sako min a kwalin nan. Idona ya fara ja da baya, gara in soma tun ina ganin kafar allura. Kin dai ji abin da na ce, kin san ba na maimaita irin wannan magana."

Daga nan ta gaida Yaya da maigidanta da yara, ɗaya bayan ɗaya da sunan da take kiransu. Ta ce in riƙa sa safa. Ta yi mini addu'a mai tsawo, muryarta ta ɗan karye a tsakiya ta gyara. Ta ce, "Awabu, kashe abin naki," sai kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Minti huɗu ba kaɗan. Na mayar na sake ji har su Yaya suka dawo suka same ni a inda suka bar ni.

Yanzu ga hukunci, kuma ka rubuta shi a fayil ɗinka. Gefen kaset ɗin nan minti arba'in da biyar yake ɗauka. Da ka kasance mai kunne, da Allah ya yi ka da ɗanɗano irin nawa, da Mai Rijiya ka ɗora, mai minti hamsin da ɗaya, da ya cinye ta har addu'ar, bai ma ƙoshi ba. Rowar mutanenka ce ta cece ni. Sun yi wa masu saye ƙwauron kiɗa, sun yanke faifai daidai bakin rediyo, shi ya bar mini zakaran gidanmu da minti huɗu na uwata. Don haka ni Zinatu, da hankalina, na yarda Mai Lemo ya fi duk faya-fayan Dogayen Gashi, kuma abin da ya fi kyau a cikinsa shi ne ya ƙare da wuri. Kada ka kuskura ka gaya wa Jane rabin wannan maganar ka bar rabi.

Jiya na sa tsinken kitso na karya kunnuwan kaset ɗin, duka biyun. Wannan ne karo na farko da ba zai koma Ƙaraye ba, sabo zan saya in ce mata tsohon ya gaji. Ka ga abin da ka jawo mini? Faifan da na fi raina a duniya shi ne zan adana har in tsufa, in nannaɗe shi cikin zanen da na fi so. Ko na tura shi gaba, sai na ji wutsiyar waƙar nan ta takwas kafin zakara ya yi cara, har na fara jin gabana yana faɗuwa da murna in ta zo. Ka ɗaura wa uwata lemo a wuya har abada.

Saura abin da ya sa na ɗauki biro. "In dai ya yarda da wannan." Da me? Ban sani ba. Yana can ƙarƙashin waƙa ta bakwai ko ta takwas, injinka yana tas, tas a kansa. Yaya ta ce wataƙila cewa ta yi sai na gama karatun ungozoma. Wataƙila cewa ta yi kada a zaunar da ni a ƙasar nan har a manta hanyar gida. Wataƙila haihuwar fari a ɗakinta za a yi, ko da kana tsakiyar shari'a a wata duniya. Wataƙila abu ne da ni da Yaya ba za mu taɓa hasashensa ba, don Inna ba ta yin minti arba'in tana magana a kan ƙaramin abu. Kada ka ce in tambaye ta. In buɗe baki in ce wa matar da ta saki labule, ta haɗiye kunyarta ta yi wa autarta maganar aure sau ɗaya a rayuwarta, wai ban ji ba, saurayin ya ɗora kiɗan Turawa a kai? A ranar za ta mayar da allura cikin gwangwani, kuma ba ta ƙara fito da ita saboda kai. Hajiya Abibatu za ta tashi ranar Juma'a. In kwalin ya isa babu zare, Inna za ta fahimci ka ƙi, ba za ta tambayi dalili ba, ni kuma ba zan tsallake ta ba. In ya isa da zare, ka ɗauki alkawarin da ba ka ji ba, kuma duk ranar da ya bayyana, ko bayan shekara goma ne, ba ka da bakin cewa ba ka sani ba. Kai ka goge shi.

Na san abin da ake koya muku a Aldwych, kada mutum ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Ni ma ba a koya mini in so mutumin da bai san bambancin rijiya da lemo ba, amma ga ni. Shekara biyu kana ce mini in ji abu sau bakwai kafin in yanke hukunci. Yau ni ke roƙonka ka yanke ba tare da ka ji ko sau ɗaya ba. Roƙo nake yi, Maharazu, ka duba da kyau, don ba za ka sake ganin wannan kalma da rubutun hannuna ba. Ranar Alhamis zan zauna gaban rakoda in ce, Inna, na ji duk abin da kika ce. Ƙaryar farko ke nan da zan yi mata tun da na yi wayo, kuma kai kaɗai za ka iya mayar da rabinta gaskiya.

Ga zare nan cikin ambulan, daga gefen mayafina na zaro shi, farin nan da na saka ranar kasuwa. Ka zagaya shi ta saman kunne da tsakiyar goshi, ka ƙulle inda ya haɗu. Kada ka rage don kunya, na san girman kan, shekara biyu ina fama da shi. Na bar maka tsawo har da ƙari. Ka kawo shi da kanka kafin la'asar ɗin Alhamis, ka miƙa wa Yaya a bakin ƙofa, kuma kada in ga komai a hammatarka.

Taka, muddin ruwa na komawa kogin nan bayan ya janye. In zaren ya dawo da ƙulli, taka ce a gaban kowa. In bai dawo ba ma, kaitona, taka ce, sai dai ba za ka ƙara jin haka daga bakina ba.

Zinatu